Kisan Roger Ackroyd: Wayo Aka Yi Wa Masu Karatu, Ko Zamba?

Cikin watan Yuni na shekarar 1926 kamfanin ɗab'i na Collins ya fitar da wani littafi a Landan, wanda wata Baturiya mai suna Agatha Christie ta wallafa. Sunansa da Turanci The Murder of Roger Ackroyd, watau Kisan Roger Ackroyd. Shi ne na uku cikin dogayen labarun da ta tsara a kan Hercule Poirot, wani ɗan gajeren mutum mai gashin baki, tsohon ɗan sandan ƙasar Beljiyam, wanda ya zauna Ingila yana sana'ar tono asirin masu kisan kai. Na farkon labarun nan ya fito cikin 1920, na ƙarshe cikin 1975, jimlarsu 33, ban da gajeru fiye da 50. Duk cikin tarin nan babu wanda ya raba kan masu karatu kamar na ukun. Waɗansu suka ce ba a taɓa gwaninta irin wannan ba. Waɗansu kuwa suka ce zamba ce tsagwaronta, matar nan ta ci amanarsu. Gardamar ta tashi tun shekarar da littafin ya fito, ba ta kuwa kwanta ba. Abin da mu ke so mu duba a nan shi ne ko masu ƙara suna da gaskiya.

Amma da wani hanzari. Ba shi yiwuwa a yi shari'ar nan ba tare da an faɗi wanda ya yi kisan ba, gama ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Saboda haka wanda bai karanta littafin ba, yana kuwa da niyya, gara ya tsallake wannan babi, ya komo daga baya.

Labarin ya auku ne a wani ƙauyen Ingila da mawallafiyar ta ƙaga, ta sa masa suna King's Abbot. Mai ba da labarin shi ne likitan ƙauyen, James Sheppard, wanda bai taɓa aure ba, yana zaune tare da yayarsa Caroline, macen da ba abin da ke faruwa a ƙauyen bai zo kunnenta ba. Wata rana aka wayi gari wata mata mai dukiya, wadda mijinta Ferrars ya rasu bara, ta sha maganin barci fiye da kima ta mutu. A daren nan attajirin ƙauyen, Roger Ackroyd, wanda ke neman aurenta, ya kira likita cin abinci, ya keɓe da shi a ɗakin karatunsa, ya gaya masa abin da ta fallasa masa kafin mutuwarta. Ashe ita ta sa wa mijinta guba, akwai kuma wani da ya sani, yana ta tatsar kuɗinta don ya riƙe bakinsa. Suna cikin magana sai ga wasiƙa daga gare ta, wadda ta aika kafin ta mutu, da sunan mutumin a ciki. Ackroyd ya ce shi kaɗai zai karanta, likita ya kama hanyar gida. Wajen ƙarfe goma da kwata aka buga wa likita tarho, ya sheƙo da jakarsa, aka ɓalle ƙofa, aka tarar da Ackroyd bisa kujera an soke shi da wuƙa a wuya, wasiƙa kuwa ta ɓace.

Nan da nan zato ya faɗa kan Ralph Paton, agolan mamacin, domin bashi ya yi masa katutu, an ga sawun takalminsa a bakin taga, ga shi kuma ya ɓace. Sauran mutanen gidan ma kowa da abin da ya ke ɓoyewa. Flora, 'yar ƙanen mamacin, ta ɗauki fam 40 daga ɗakinsa. Wata baranya ta auri Ralph a asirce. Matar da ke kula da gidan tana da ɗa wanda ba wanda ya san da shi. Poirot kuwa a lokacin ya bar aiki, ya kama gida maƙwabtan likita yana noman kabewa. Flora ta roƙe shi ya shiga maganar, ya yarda, likita ya zama ɗan rakiyarsa, yana binsa ko'ina yana rubuta abin da ya gudana. Rubutun nan nasa shi ne littafin da ke hannun mai karatu. Sai can ƙarshe, da kowa ya watse, Poirot ya dubi likita ya ce masa shi ne. Shi ya ke tatsar matar nan har wajen fam 20,000, shi ya kashe Ackroyd don kada sunansa ya fito, shi ya ɓoye Ralph a wani gidan jinya don a ɗora masa laifin.

To, a nan ne ƙura ta tashi. Masu ƙara suka ce littafi irin wannan wasa ne tsakanin mutum biyu, mai rubutu da mai karatu, kamar kacici-kacici. Mai rubutu ya baza alamu, mai karatu ya tsince su, in ya gane ya ci, in ya kasa ya ba da gari. Amma wasa ba ya yiwuwa sai da ƙa'ida. In mutumin da ke nuna maka hanya shi ne ɗan fashin, ina amfanin lura da hanya? Mai karatu ba shi da ido sai na mai ba da labari, ba shi da kunne sai nasa. A ganinsu, sa mai kisa ya zama mai ba da labari daidai ya ke da a ba kura ajiyar nama, sa'an nan a tambayi mai naman dalilin da ya sa bai lura ba.

Ba masu karatu kaɗai suka ji haka ba, har da waɗansu 'yan sana'ar. Cikin 1928 wani marubuci Ba'amurke da ke sa hannu da sunan S. S. Van Dine ya shimfiɗa ƙa'idodi ashirin na rubuta irin wannan labari, ɗaya daga ciki ta hana a yi wa mai karatu wata dabara in ba wadda mai laifi ya yi wa mai bincike ba. Cikin 1929 wani limamin Kirista na Ingila, Ronald Knox, wanda shi ma ya kan taɓa irin wannan rubutu, ya kawo nasa guda goma. Ta fari ta ce mai laifi kada ya zama wanda aka bar mai karatu ya shiga cikin tunaninsa. Ta tara ta ce ɗan rakiyar mai bincike kada ya ɓoye abin da ke zuciyarsa. Kowa ya duba waɗannan biyu zai ga kamar da likita Sheppard aka auna su.

Masu kāriya kuwa, babbarsu Dorothy L. Sayers ce, wadda ita ma gwana ce a wannan fage. Abin da ta tsaya a kai shi ne an ba da dukan alamun da ake bukata, aikin mai karatu ne ya zargi kowa da kowa, fushin da ake yi kuwa fushin wanda aka kayar ne da wayo, ba na wanda aka zalunta ba.

Kafin mu yanke, ya kamata mu koma ga littafin kansa, domin gardama irin wannan ba ta ƙarewa da yawan masu goyon baya. Tambaya ta fari ita ce, shin likita ya yi wa mai karatu ƙarya? Wanda ya sake bin littafin daga farko zai ga ya yi wa mutanen cikin labarin ƙarya, ya yi wa 'yan sanda, ya yi wa Poirot, ya yi wa yayarsa. Amma inda ya ke magana da mu, mu masu karatu, shiru ya ke yi a wurin da ya ga dama. Ya gaya mana an kawo wasiƙa ƙarfe tara saura minti ashirin, ya gaya mana ya fita ɗakin tara saura minti goma. Abin da ya faru cikin minti goman nan bai faɗa ba, bai kuwa ce ba abin da ya faru ba. Ya gaya mana ya tsaya a bakin ƙofa ya waiwaya, yana duba ko da abin da ya rage bai yi ba. Mai karatu na fari ya ɗauka likita ne ke tausayin abokinsa. Mai karatu na biyu gabansa ya kan faɗi, don ya san gawa ce mutumin nan ya ke dubawa. Har wa yau ya gaya mana ya isa ƙofar waje agogon coci na buga tara, alhali kuwa tafiyar minti biyar ce daga gidan. Ina sauran biyar suka shiga? An rubuta su baƙi da fari, kowa ya tsallake.

Haka sauran alamun su ke. An faɗi cewa likita yana da ɗan ɗakin da ya ke kwance agogo da na'urori yana ɗaurawa. An faɗi cewa wani ɗan kamfani ya zo yi wa Ackroyd tallan na'urar ɗaukar magana, irin wadda ake yi wa shibta ta riƙe ta maimaita. An faɗi cewa mutum biyu sun ji muryar Ackroyd ƙarfe tara da rabi, da kalmomi irin na wasiƙa, ba irin na hira ba. An faɗi cewa an tarar da wata babbar kujera an jawo ta daga jikin bango, daga baya kuma an mayar, ba wanda ya ce shi ya mayar. An faɗi cewa sa'ad da aka sami gawa likita ya aiki babban boyin gidan ya kira 'yan sanda, ya rage shi kaɗai a ɗakin da jakarsa. In ka jera waɗannan, hanya ɗaya su ke nunawa. Na'urar ce ta yi magana bayan mai ita ya mutu, kujerar ce ta kāre ta daga idon masu shiga, jakar ce ta fitar da ita. Tarhon nan ma likita ya shirya da wani majinyacinsa, ma'aikacin jirgin ruwa mai shirin barin ƙasar, don ya sami dalilin komawa gidan da jaka a hannu.

Akwai kuma wani abu da masu ƙara su kan manta. Shirun likita yana da dalili a cikin labarin kansa. Ya fara rubutun ne da nufin wata rana ya buga shi ya zama tarihin yadda Poirot ya kāsa. Mutumin da ke rubuta irin wannan takarda ba zai sa bayanin laifinsa a ciki ba, ba kuwa zai so a kama shi da ƙarya ƙiri-ƙiri ba. Har Poirot ya karɓi rubutun ya karanta kafin ƙarshe, ya lura da yadda likita ya ke kauce wa maganar kansa, ya kuma faɗa masa haka a gaban mai karatu. Mawallafiyar da ta sa mai bincikenta ya nuna maka wurin da ramin ya ke, da wuya a ce ta tura ka ciki.

To, in alamu suna nan, me ya rufe idon dubban mutane? Sabo ne, sabo kuwa turken wawa. Tun 1887, sa'ad da Arthur Conan Doyle ya fito da Sherlock Holmes da abokinsa likita Watson, masu karatu suka saba da cewa kowane gwanin bincike yana da ɗan rakiya mai gaskiya, mai ƙarancin basira, wanda ke ba da labari. Christie da kanta ta ƙarfafa sabon nan, domin a littattafan Poirot biyu na farko da gajerun labarun da suka biyo, Kyaftin Hastings ne ke ba da labari, mutumin kirki wanda kullum zatonsa kuskure ne. A ƙarshen na biyu, na 1923, ya sami mata, daga nan ya tafi Ajantina. Da aka buɗe na uku sai ga kujerarsa ba kowa, sai ga wani likita ya zauna a kai. Poirot ma ya riƙa kwatanta shi da Hastings. Mai karatu bai tambayi shaidar mutumin nan ba, ya miƙa masa amanar da ya saba ba wani. Likita ne kuma, wanda a ƙauye ba a zarginsa, ana buɗe masa kowace ƙofa. Da ɗan gari a kan ci gari.

Wannan ita ce gwanintar littafin, ita ce kuma dalilin fushin. Labari mai dogon jeri ya kan ƙulla wani alkawari da masu binsa, wanda ba a rubuta ba. Sun san wanda za su yarda da shi, sun san inda za su sa ido, daɗin da su ke ji rabinsa daɗin komawa gidan da aka sani ne. Christie ta ɗauki wannan sabo ta mai da shi tarko. Da a ce littafin shi kaɗai ne, ba Watson a gabansa, ba Hastings, da dabarar ba ta ci rabin abin da ta ci ba. Saboda haka wanda ya fi sanin irin waɗannan littattafai shi ya fi saurin faɗawa, shi ya fi kuma jin zafi. Ba a ta da alkawarin da mawallafiya ta ɗauka ba, gama ba ta taɓa cewa mai ba da labari ba ya kisa ba. Alkawarin da mai karatu ya ɗaukar mata ne ba da saninta ba. In ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Game da ƙa'idodin Van Dine da na Knox, ya isa a tuna cewa bayan littafin aka rubuta su, ba a kuwa hukunta mutum da dokar da aka kafa bayan aikinsa. Ma'aunin da ya fi su shi ne karatu na biyu. Labarin da aka gina bisa zamba, in ka san ƙarshensa ka sake bi, sai ka ga ɗinki yana warwarewa, nan an faɗi abin da ba haka ba ne, can an ɓoye abin da ba dalilin ɓoye shi. Wannan kuwa karatu na biyu ya fi na fari daɗi, domin kusan kowace magana ta likita fuska biyu gare ta, duka biyun kuma suna tsaye.

Amma kada a ɗauka littafin ba shi da aibi. Masu ƙara sun kama reshe ne suka bar tushe, domin rauninsa yana wani wuri dabam. Na ɗaya, shirin kisan ya yi yawa ga lokacin da aka ba shi. Da safe aka sami gawar matar, da dare aka kashe Ackroyd. Cikin yini guda an ce likita ya tanadi na'ura da abin da zai tashe ta a kan lokaci, ya sami takalmin Ralph, ya shirya mai buga tarho, duk kuwa bai tabbata akwai wasiƙa ba. Cikin minti goma kuma ya yi kisa ya kintsa ɗaki, cikin biyar ya zaga ya shiga ta taga ya bar sawu ya kulle ƙofa ya fita. Hankali ya kan ɗauka da ƙyar. Na biyu, ba a nuna mana yadda mutum mai natsuwa irin wannan ya zama azzalumi ba, sai 'yar maganar raunin hali da hasarar kuɗi. Dabarar ce ta jawo haka, domin in an buɗe zuciyarsa asiri ya tonu. Watau an sayi mamaki da zurfin hali, ciniki ne kuwa mai tsada. Na uku, wanda ya fi nauyi, shi ne ƙarshen. Poirot ya ba likita dare guda, ya nuna masa cewa akwai wata hanya ban da ta alƙali, don a rufa wa Caroline asiri, likita kuwa ya ƙare rubutunsa da niyyar shan irin maganin da matar nan ta sha. Wa ya naɗa Poirot alƙali? Mutumin da ya tono gaskiya ba shi da ikon binne ta don tausayin wani, balle ya nuna wa mai laifi hanyar kashe kansa. A nan ne ya kamata masu karatu su ɗaga murya.

Waɗannan ramuka su suka haifi wata ƙungiya ta uku. Cikin 1998 wani malamin adabi na Faransa, Pierre Bayard, ya rubuta littafi guda yana cewa Poirot ya yi kuskure, Caroline ce ta yi kisan, ƙanenta ya ɗauki laifin don ya cece ta. Ba mu yarda da shi ba, domin hujjarsa ta fi dogara ga abin da ba a rubuta ba. Amma ya nuna wani abu na gaske. Da zarar ka koya wa mai karatu cewa mai ba da labari yana iya yin shiru a kan babban abu, ba ka da ikon tsai da shi inda ka ke so. Wanda ya yi shiru a babi na huɗu, me zai hana a yi shakkar ikirarinsa a babi na 27?

Akwai kuma waɗanda suka raina gardamar ɗungum. Cikin 1944 wani mashahurin mai sharhin littattafai na Amurka, Edmund Wilson, ya rubuta a mujallar New Yorker cewa karatun irin waɗannan labaru ɓata lokaci ne. Wasiƙun masu karatu suka yi ta zuwa masa, kowa na kāre gwaninsa. Cikin 1945 ya sake rubutu, ya sa sunan Roger Ackroyd a kan maganarsa, yana tambaya wa ya damu da wanda ya kashe shi. Amsa ta zo a hankali. Sa'ad da littafin ƙarshe na Poirot ya fito cikin 1975, wanda a cikinsa ya mutu, jaridar New York Times ta buga ta'aziyyarsa a shafin farko kamar mutum mai rai ne ya rasu. Cikin 2013 kuma ƙungiyar marubuta labarun laifi ta Ingila ta jefa ƙuri'a, ta zaɓi Kisan Roger Ackroyd a kan shi ne mafi kyau cikin dukan littattafan wannan fanni.

Ƙuri'a dai ba hujja ba ce, yadda fushi ma ba hujja ba ne. Hukuncinmu shi ne wayo aka yi, ba zamba ba, wayon kuwa halal ne a wannan wasa. Littafin yana da rauni a wajen lissafin lokaci, da wajen bayyana hali, da wajen adalcin ƙarshensa, amma bai yi wa mai karatu ƙarya ba. Amfaninsa kuma ya wuce nishaɗi. Ya kan koya wa mutum ya raba abin da aka gaya masa da abin da shi ya ƙara da kansa, ya lura da wurin da mai magana ya yi tsalle, ya tambayi kansa dalilin da ya sa ya yarda da wane, ko don hujja, ko don riga da muƙami da daɗin baki. Wanda ya iya wannan a littafi zai iya shi a gaban mai talla, da mai ba da shaida, da mai neman ƙuri'a. Marubuci kuwa da ke sha'awar gwada irin wannan dabara, sai ya tuna da sharaɗinta: yana da izinin yin shiru, ba shi da izinin yin ƙarya, dole kuma aikinsa ya jure wa mai karatun da ya komo ya sake bi da fitila. Allah ya ba mu basirar ji, da ta lura da abin da ba a faɗa ba.